Yadda Za Ka Shiga Aikin Sa Kai a Kulob ɗin Conquistadores, Har Ka Kai Matakin Guía Mayor

A ikkilisiyoyin Adventist masu sujada da Sifaniyanci, daga Lima zuwa Monterrey har unguwannin Houston da Bronx, akwai ƙungiyar yara da ake kira Club de Conquistadores. Ita ce Pathfinder ɗin da aka sani a Jengre da Jos da Ilishan, 'yan Barazil kuma suna ce mata Desbravadores. Yaranta 'yan shekara 10 zuwa 15 ne. Suna ɗaura ƙyalle rawaya a wuya, suna fareti, suna koyon ƙullin igiya da kafa tanti da agajin gaggawa, tare da nazarin Littafi Mai Tsarki. Hedkwatar ikkilisiyar ta duniya ta amince da ƙungiyar a 1950, bayan an yi shekaru ana gwada ta a Kaliforniya, kuma a 1955 aka buɗe kulob na farko a Kudancin Amurka, a cocin Miraflores da ke Lima, ƙasar Peru. Tun daga nan masu jin Sifaniyanci suka riƙe ta hannu bibbiyu, ko da a filin ajiye motoci ake taruwa.

Na rubuta wannan jagora ne domin ɗan'uwa ko 'yar'uwa da karatu ko aiki ko aure ya kai shi inda cocin da ya fi kusa da shi na waɗannan mutane ne, da kuma wanda yake gida yana tunanin ba da shekara guda ta hidima a can. Ranar biki kulob ba ya rasa masu taimako. Abin da yake ƙishirwa shi ne babba wanda zai zo kowane mako, ya san sunan yara bakwai da sunan iyayensu, ya zauna da su shekara biyu ko uku. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su, har horon shugabancin ma.

Mataki na farko: ka zama ɗan gida

Kada ka je ranar Asabar ta farko ka ce kana son a ba ka yara. A Amurka da Kanada ƙa'idar ikkilisiya ce sai mutum ya yi wata shida an san shi a cocin kafin a bar shi ya yi aiki da yara, kuma ko inda ba a rubuta haka ba, iyaye suna bin wannan ƙa'idar a zukatansu. Ka yi amfani da watannin. Ka zo makarantar Asabar da safe, ka tsaya cin abincin zumunta bayan sujada, ka dawo taron matasa na yamma wanda suke kira Sociedad de Jóvenes. Idan ana jera kujeru ka sa hannu, idan ana wanke tukwane ka shiga. A nan ne matan da suke riƙe da cocin za su auna ka, kuma shaidarsu tana da nauyi a wurin kwamiti fiye da takardar da ka zo da ita.

Duk da haka takardar tana da amfani. Idan kai ɗan ikkilisiyar ne da aka yi wa baftisma, ka roƙi magatakardan sabon cocin ya nemi a maido da sunanka daga cocinku na gida. Abin yakan ɗauki watanni, saboda haka ka fara da wuri. Idan ka yi ajujuwan Pathfinder a Najeriya ko Gana ko Kamaru, ka zo da katunanka da bajojinka, domin tsarin ɗaya ne a duniya kuma za a gane su. Wanda ba ɗan ikkilisiyar ba, ya sani cewa shugabancin kulob da matakin Guía Mayor, wato babban matakin horon shugabannin yara, na mambobi ne. Sai dai kulob da yawa sukan gayyaci ma'aikacin jinya ko kafinta ko mai koyar da iyo ya koyar da darasi guda, da amincewar kwamitin coci.

Mataki na biyu: harshe, gwargwadon buƙata

Ba sai ka ƙware ba kafin ka fara. Bahaushe yana da sauƙi biyu a nan: wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, ana furta su kusan yadda muke yi, sannan harafin r mai kaɗa harshe da yake wahalar da Turawan Ingila mu da shi muka tashi. Ka sa wa kanka burin kai matakin da masu jarrabawar DELE ta harshen Sifaniyanci suke kira A2 kafin ka karɓi rukunin yara, wato ka iya gaisuwa, ka ba da umarni gajere, ka fahimci yaron da ya ce cikinsa na ciwo.

Akwai abin da littafin koyon harshe ba zai jaddada maka ba. A coci kowa hermano ne ko hermana, kamar yadda ake ce wa juna ɗan'uwa da 'yar'uwa a ikkilisiyoyinmu. Iyaye da dattawa da fasto kuwa usted ake ce musu, kalmar girmamawa, yara su ne ake kira da tú. Ka tsaya a kan usted har sai babba ya ce maka da bakinsa ka bari. 'Yan Ajantina da mutanen Amurka ta Tsakiya da yawa suna amfani da vos a tsakaninsu, za ka ji shi, ba dole ka kwaikwaya ba. Kalma ɗaya kuma ka kiyaye ta: coger a Sifaniya tana nufin ɗauka, amma a Meziko da Ajantina batsa ce. A gaban yara ka ce tomar ko agarrar.

Kalmomin aiki kuma ka haddace su tun kafin ka tsaya a fili. Firmes shi ne a ƙame, descanso a sassauta, de frente marchen a fara tafiya, alto a tsaya, rompan filas a watse. Tanti carpa ne a Kudancin Amurka, a Meziko casa de campaña, a Sifaniya tienda de campaña. Ƙullin igiya huɗu da za ka fi koyarwa su ne nudo llano, as de guía, ballestrinque da vuelta de escota, wato reef knot, bowline, clove hitch da sheet bend a Turance.

Idan a Amurka kake, za ka tarar da wani al'amari da yake ba sababbi mamaki. Iyaye da Sifaniyanci suke addu'a, yaran da aka haifa a can kuwa da Ingilishi suke wasa da faɗa da tambaya. Yaron zai rera taken kulob da Sifaniyanci tsaf, ya juyo ya tambaye ka da Ingilishi me baitin yake nufi. Kada ka kunyata shi a kan wannan, kada kuma ka yar da harshen iyayensa domin ka sami sauƙi. Abin da na ga yana aiki shi ne a yi buɗe taro da alkawari da waƙa da Sifaniyanci, a yi bayanin darasi da harshen da yaron ya fi ganewa, saƙon iyaye kuma kullum a aika da Sifaniyanci. Wanda ya girma yana Hausa a gida da Turanci a makaranta ya san wannan hali daga ciki, kuma wannan babban jari ne a wurinka.

Mataki na uku: ka san tsarin, ka nemi darekta

Ikkilisiya ce take zaɓen director ko directora na kulob, ƙarƙashinsa akwai mataimaka, da sakatare, da ma'aji, da capellán mai kula da ibada, da masu koyarwa. Ana raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ana ce masa unidad, yawanci yara shida zuwa takwas, maza daban mata daban. Kowace unidad tana da kyaftin da sakatare daga cikin yaran, da babba guda mai kula da su, wanda ake kira consejero ko consejera. Wannan kujerar ita ce zuciyar aikin, ita za ka nufa.

Ajujuwa shida ne, kowane aji shekara guda: Amigo ga ɗan shekara 10, sai Compañero, sai Explorador, sai Orientador, sai Viajero, sai Guía ga ɗan 15. A Kudancin Amurka na huɗu da na biyar Pionero da Excursionista ake kiransu. Ƙanana da ba su kai goma ba suna cikin Aventureros. A Sifaniya ita kanta ƙungiyar Exploradores ake ce mata, kada sunan ya ruɗe ka.

Idan lokaci ya yi, ka sami darekta shi kaɗai bayan taro. Ka faɗa masa abu uku a fili: ranakun da za ka iya zuwa, abin da hannunka ya iya, da tsawon lokacin da kake sa ran zama a garin. Ka roƙi a sa ka mataimakin wani consejero da ya daɗe. Kulob masu ƙarancin ma'aikata sukan yi wa sabon zuwa tayin babbar kujera nan take, musamman idan sun ga bajojinsa. Shawarata ka ƙi cikin ladabi a shekarar farko. Ba ka san wace uwa ce ba ta magana da wace ba, ba ka san yaron da mahaifinsa ya bar gida ba, kuma shugabancin da aka fara cikin duhu yakan ƙare da rigima a kwamiti.

Mataki na huɗu: takardu da tsaron yara

Wannan ba wurin gajeren hanya ba ne. A Amurka da Kanada za a sa ka yi horon kare yara ta intanet, a kuma binciki tarihinka. A Amurka ana yin wannan ta tsarin da ikkilisiya take gudanarwa tare da kamfanin Sterling Volunteers, kuma ana sabunta shi bayan shekara uku. A Sifaniya doka ta wajabta wa duk mai aiki da yara, ko na albashi ko na sa kai, ya kawo shaida daga ma'aikatar shari'a cewa ba a taɓa hukunta shi a kan laifin lalata ba. Baƙo yakan buƙaci ƙarin shaida daga ƙasarsa, saboda haka ka nemi takardar shaidar 'yan sanda tun kana gida.

Bayan takarda akwai ɗabi'a. Babba ba ya kaɗaita da yaro, a ɗaki ko a mota ko a tanti, dole manya biyu su kasance. Ba ka tura wa yaro saƙo kai da shi a waya, sai ta zauren WhatsApp da iyaye suke ciki. Ba duka, ba tsallen kwaɗo, ba durƙuso a rana. Na san da yawanmu da bulala aka rene mu, amma a can taɓa yaro zai iya kai ka gaban 'yan sanda, ya kuma rufe kulob ɗin baki ɗaya. Idan yaro ya faɗa maka ana cutar da shi, ka saurare shi, kada ka yi masa alkawarin rufe zancen, ka rubuta abin da ya ce da kalmominsa, ka kai wa darekta da fasto a ranar. A wurare da yawa doka ta ce sai an sanar da hukuma, kuma horon da za ka yi zai nuna maka wadda ake kira.

Ƙari guda da ya shafi cocin baƙi. A cikin iyayen akwai waɗanda takardun zamansu ba su cika ba. Kada ka tambayi kowa matsayinsa, kada ka sa hoton yaro ko sunan iyali a Facebook sai da izini a rubuce. Idan uba ya ce ɗansa ba zai je zangon da ake yi a wata jiha ba, ka karɓa ba tare da neman dalili ba.

Mataki na biyar: watannin farko a cikin unidad

Ga yadda taro yake tafiya a yawancin kulob. A Kudancin Amurka safiyar Lahadi aka fi yi, a Amurka wasu yammacin Asabar, wasu wani dare a tsakiyar mako. Darekta ya busa usur, yara su ruga su jeru, kowace unidad a bayan ƙaramar tutarta. Kyaftin ya fito ya ƙame ya ba da rahoton waɗanda suka zo. A ɗaga tutoci, a faɗi alkawari da doka mai sassa takwas, wadda ta fara da kiyaye ibadar asuba, a faɗi taken da aka ciro daga 2 Korintiyawa 5:14 a kan ƙaunar Almasihu, a rera waƙar kulob. Wani ya ɗaga murya ya ce Maranata, sauran su amsa cewa Ubangiji yana zuwa. Daga nan capellán ya yi gajeriyar ibada, sai a watse zuwa kusurwar rukuni.

A wannan kusurwa aikinka yake. Minti ashirin ko talatin ne kai da yaranka a ƙarƙashin bishiya ko a ƙarshen baranda. Sakataren unidad yana riƙe da takardar maki, yana duba wanda ya zo da wuri, wanda ya zo da Littafi Mai Tsarki, wanda ƙyallensa yake a goge. Wata yarinya ta manta zoben da ake zura ƙyallen a ciki, ta ɗaure da robar gashi tana ɓoyewa da hannu. Ka sa ido a kan irin wannan. Sau da yawa ba sakaci ba ne, uwar ce ta fita aikin shara tun ƙarfe biyar, yarinyar ita ta shirya kanta da ƙannenta. Ka ajiye zobe biyu da ƙyalle guda a jakarka, ka miƙa mata a gefe, maki kuma a rubuta mata na zuwa da wuri.

A makon farko ka haddace sunaye, cikakku, yadda iyayen suke furta su. A wata na farko ka karɓi katin ajin da yaranka suke yi, ka zauna ka raba buƙatunsa a kan watannin shekara, domin kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar komai sai saura wata guda bikin ɗaura baji, sannan a shiga sa hannu a kan abin da yaro bai yi ba. Kada ka sa hannu a kan ƙullin da yaro bai ƙulla a gabanka ba. Yara sun san bajon da aka samu da gumi da wanda aka raba kyauta.

Sannan ka zaɓi especialidad guda, wato darasin fasaha da ake ba da baji a kansa, wanda ka iya shi sosai. Akwai ɗaruruwansu: dafa abinci a waje, taurari, tsuntsaye, ɗinki, gyaran keke, karanta taswira. Wanda ya taɓa hura wuta da murhun duwatsu uku a damina yana da abin koya wa yaron da bai taɓa ganin wuta ba sai a kan gas. Ka gwada darasin a gida tukuna, ka kawo kayan aiki isassu yadda kowane yaro zai taɓa da hannunsa, ka rage surutu.

Mataki na shida: iyaye da kuɗi

Yawancin iyayen aikin ƙarfi suke yi, gini, gona, shara, kicin ɗin gidajen abinci, kuma da yawa suna aika kuɗi gida kowane wata. Kayan sarki na kulob, da riga da wando da bel da ɗamarar bajoji, nauyi ne ga mai 'ya'ya uku. Ka ba darekta shawarar a buɗe akwatin tsofaffin kayan da yara suka fi ƙarfinsu, a kuma sanar da kuɗin zango watanni kafin lokaci domin a riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Sauran kuɗin daga sayar da abinci yake fitowa, kuma a nan ne za ka shiga zukatan iyaye. Ranar sayarwa mata 'yan El Salvador sukan iso tun duhu da ƙullun masara, su jeru a bakin faffaɗan kaskon ƙarfe suna yin pupusas: a gutsuro ƙullu, a yi masa rami da babban yatsa, a cusa cuku da dakakken wake, a rufe, a tafa shi tsakanin tafin hannu har ya baje, a ɗora a wuta. 'Yan Meziko su kawo tamales a naɗe cikin ɓawon masara, 'yan Benezuwela da Kolombiya su kawo arepas. Ba naman alade a ciki, domin Adventist ba sa cin sa. Kai aikinka ɗaukar tebur, kai saƙo, da lissafi. Kuɗi kuwa kada ya kwana a aljihunka. Mutum biyu su ƙirga, su sa hannu, a miƙa wa ma'ajin coci a karɓi rasit. Kuma ba a saye da sayarwa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar.

Bayan kowane taro ka tsaya a bakin ƙofa ka gai da mai ɗaukar yaro, ka faɗa masa abu ɗaya mai kyau da ɗansa ya yi. Iyaye da yawa ba su saba jin kira daga makaranta ba sai an yi laifi.

Mataki na bakwai: zango

Kafin fita, kowane yaro sai da takardar izinin iyaye da takardar lafiyarsa: maganin da yake sha, abincin da jikinsa ba ya so, lambar da za a kira. Kwafi yana wurin darekta, kwafi yana jakarka. Kwamitin coci ya amince da tafiyar a rubuce, domin inshora a kan wannan take tsayawa. Ka san asibitin da ya fi kusa, ka san lambar gaggawa, 911 a Amurka da Meziko, 112 a Sifaniya. Manya suna kwana a tantinsu daban, kusa da na yara. Ka ƙirga yaranka a kowane motsi, kafin shiga mota da bayan sauka, kafin ruwa da bayan ruwa. A isa da wuri ranar Juma'a a gama kafa tanti da girki kafin rana ta faɗi.

Babban zango ana ce masa camporí. Akwai na yanki, akwai na ƙasa, akwai kuma na duniya da ake yi duk shekara biyar. Daga 1999 zuwa 2019 a Oshkosh ta jihar Wisconsin aka yi shi, a 2024 aka koma Gillette ta jihar Wyoming, inda mutane kusan 60,000 suka taru, guguwa da ruwan sama kuma suka gwada tantuna da haƙurin shugabanni. Kulob yakan yi shekaru yana tara kuɗin wannan tafiya. Ra'ayina shi ne kada a bar ta cinye komai. Kwana biyu a daji kusa da gari, inda yara bakwai suka dafa abincinsu da kansu, yana gina su fiye da yadda ake zato.

Mataki na takwas: horon Guía Mayor

Da farko akwai kwas na share fage, wanda aka fi sani da kwas ɗin awa goma, ofishin matasa na yankin ne yake shirya shi, yawanci a ƙarshen mako guda. Ka yi shi tun a shekararka ta farko. Daga nan sai Guía Mayor, wanda a gida ake kira Master Guide, babban matakin horon shugabannin yara a ikkilisiyar. Ana iya farawa da shekara 16, ba a ɗaura wa mutum sai ya kai 18. Dole ya zama an yi maka baftisma, kwamitin cocinka ya ba ka takardar shaida, kuma kana aiki a kulob a lokacin. Ana gama shi tsakanin shekara ɗaya zuwa uku.

Buƙatun sukan ɗan bambanta daga yanki zuwa yanki, saboda haka ka karɓi katin da ofishin yankinka yake amfani da shi, kada ka dogara da wanda ka sauke daga intanet. Amma ginshiƙan ba sa canzawa. Akwai na ruhaniya: karatun Linjila huɗu, rubuta abin da ka koya a ibadarka ta kullum, nazarin koyarwar ikkilisiya guda 28 da tarihinta tun kafa ta a 1863, da karanta wasu littattafan Ellen White, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ikkilisiyar, ciki har da wanda ake kira El camino a Cristo da Sifaniyanci. Akwai na fasaha: zama a daji, ƙullin igiya, fareti, ba da labari ga yara, da takardar shaidar agajin gaggawa da farfaɗo da numfashi daga hukumar da aka amince da ita, kamar Red Cross. Akwai na sanin halin yara da matakan girmansu, da tarurrukan bita a kan shugabanci da sadarwa da sasanta rikici. Akwai motsa jiki. Sannan akwai wanda ya fi duka nauyi, wato ka koyar da aji guda ka kai yaransa har bikin ɗaura baji.

Komai ana tara shaidarsa a fayil da suke kira carpeta. Ka buɗe ta ranar da ka fara. Duk bitar da ka halarta ka karɓi sa hannu a ranar, duk darasin da ka koyar ka ajiye tsarinsa. Masu barin ta sai ƙarshe su ne suke kwana suna neman malamin da ya riga ya bar gari. Ka nemi wani tsohon Guía Mayor ya zama mai duba ka, ku riƙa zama sau ɗaya a wata. Idan rubutun Sifaniyanci yana ba ka wuya, ka tambayi mai kula da yankin ko za a karɓi rahotanninka da Ingilishi, amma koyarwar ka yi ƙoƙari ka yi ta da harshen kulob. Idan ka riga ka sami wannan mataki a gida, ba a sake maka shi, sai dai ka zauna a bitocinsu domin ka ji yadda suke faɗar abubuwa. A Kudancin Amurka akwai ƙarin matakai biyu a samansa, Máster da Máster Avanzado.

Abu ɗaya yana damuna a wasu wurare: manya su kafa nasu kulob na Guías Mayores, su yi ta fareti da zango a tsakaninsu da ɗamara cike da bajoji, alhali unidad ɗin 'yan shekara goma ba ta da mai kula da ita. An ƙirƙiri matakin ne domin yara su sami shugabanni. Idan horonka ya fara hana ka zuwa taron yaranka, ka rage horon.

Ga wanda zai taso daga gida

Hanyar da aka sani ita ce Adventist Volunteer Service, sashen ikkilisiyar mai tura 'yan sa kai, kuma ana sanar da guraben a dandalin intanet na VividFaith. Takardarka tana bi ta cocinku da ofisoshin ikkilisiya na sama, kowane gurbi kuma yana bayyana abin da mai masauki zai ɗauka da abin da kai za ka biya, kamar kuɗin jirgi. Cibiyoyi irin su jami'ar Montemorelos a Meziko, da Universidad Peruana Unión kusa da Lima, da Universidad Adventista del Plata a Ajantina, duk akwai kulob a kewayensu. Duk dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbin hidimar coci da biza, ka rabu da shi, ka je ofishin matasa na yankinku ka tambaya.

Mataki na tara: ka fara shirya wanda zai karɓe ka

Shekara 15 zuwa 17 ita ce inda kulob yake asarar yara. Sun gama ajin Guía, sun girmi layi, ba a ɗauke su manya ba, ga aikin ƙarshen mako ya fara kiransu. A Amurka akwai tsarin TLT, wato Teen Leadership Training, horon shugabanci da aka yi domin 'yan sakandare, inda matashi yake zagaya sassan kulob yana koyon aiki ƙarƙashin wani babba. Inda babu shi ma za ka iya yin irinsa. Ka zaɓi ɗaya ko biyu daga manyan yaran, da sanin darekta da iyayensu. Wata na farko ya tsaya kusa da kai yana kallo. Wata na biyu ya koyar da ƙulli guda na minti goma. Daga baya ka ba shi jerin kayan zango ya haɗa, da lissafin abincin kwana biyu, ya kai wa ma'aji da kansa. Idan ya yi kuskure a gaban ƙanana kada ka gyara shi a wurin, sai an watse ku zauna ka tambaye shi yadda ya ga abin ya tafi. A zango yana kwana a ɓangaren matasa, ba a lissafa shi cikin manya biyun da ƙa'ida ta nema har sai ya cika 18.

Ranar da ya kai 16 ka raka shi wurin darekta a karɓo masa katin Guía Mayor, ka taya shi buɗe carpeta. Idan kuma zamanka a garin ya kusa ƙarewa, ka sanar da darekta wata uku kafin tafiya, ka faɗa wa yaran da bakinka a kusurwar rukuni, ka miƙa katunan aji da takardun lafiya da lambobin iyaye ga wanda zai ci gaba, ku yi taro huɗu na ƙarshe shi yana jagora kai kana gefe.